Hannun da Ya Buga Ƙarfen

Zuwa ga 'yata Alheri,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina roƙon Allah ya sa kin isa Sabon Tasha lafiya, ya tsare ki daga mugun direba da mugun abokin tafiya, ya ba ki farin jini a wurin sabon aikinki. Ki gaida antinki Saratu da maigidanta. Na sa wannan takarda a ƙasan jakarki, ƙarƙashin zannuwan gado, domin na san halinki: sai kin yi kwana uku kina ciro kaya ɗaya ɗaya daga sama kafin ki kai ƙasa. Ina so ki karanta ta kina nesa da ni.

Ranar Talata kin tambaye ni tsohon hoton nan na yaran kamp, wato sansanin hutu, da takardar neman tallafi da na rubuta a wancan lokacin, na ce miki sun ɓace. Ba su ɓace ba, ga su nan cikin ambulan ɗin. Kin ce ƙungiyar da ta ɗauke ki aiki tana nema wa matasa tallafin sansanin dogon hutu, kuma aikin farko da kike so ki yi shi ne ki bi sawuna, ki kai 'ya'yan mutanen ƙauyen nan su ga garin iyayensu. Kin faɗa da fara'a, kina cewa babanki ya fara, ke za ki ƙarasa. Na kasa cin tuwona a ranar. Abin da zan rubuta miki zai iya rage ni a idonki, kuma wannan ne abin da na fi tsoro a duniya. Amma na fi tsoron ki ɗora aikinki a kan labarin da ba gaskiya ba.

Kina firamare lokacin, ba za ki tuna da yawa ba. Shekarar ce aka kai hari wani ƙauye can bayan Gidan Waya. Ba zan rubuta sunansa ba, kin san shi. Waɗanda suka tsira suka shigo Kafanchan da abin da ke jikinsu, ikilisiyarmu ta ba su azuzuwa biyu da ɗakin ajiya. Da dogon hutu ya zo, yaransu suna zaune a inuwa daga safe har yamma, ba wasa, ba faɗa. Yaron da ba ya faɗa da ɗan'uwansa ba lafiya yake ba. Sai sakataren ikilisiya ya zo da labari cewa wani ofishi a Kaduna yana ba da kuɗi a yi wa yara sansani na mako biyu, abinci da wasanni da koyarwa, in dai an cika fom da kyau. Kowa ya juyo ya kalle ni, don ni ne malamin Turanci, ni kuwa kaina ya kumbura.

A fom ɗin akwai wata tambaya: me zai bambanta sansaninku da na sauran masu nema? Na kwana biyu ina juya ta. Ƙwallo kowa zai rubuta, waƙa kowa zai rubuta. Sai na rubuta cewa a rana ta ƙarshe za mu kai yaran ƙauyensu, su tsaya a gaban majami'arsu, su ga cewa tsoro bai ci su ba. Na ƙawata shi da Turanci har ni kaina sai da na ji ƙwalla. Ban tambayi uwa ko ɗaya ba, ban tambayi uba ba. Na rubuta ne don idon mutumin da zai karanta a ofis, mutumin da bai san ko da wace hanya ake bi zuwa ƙauyen ba.

Alheri, za ki cika irin waɗannan fom da yawa. Duk layin da kika rubuta kika ji ya yi miki daɗi ƙwarai, ki tsaya a kansa. Ki fassara shi da Hausa, ko da yaren mutanen, ki je ki karanta wa uwar yaron da za a yi wa abin. Idan kunya ta hana ki karanta mata, ki goge shi.

Kuɗin ya fito, rabi a hannu, rabi sai mun aika rahoto da hoto. Sai a lokacin na sanar da iyayen. Mai wa'azin ƙauyen, Baba Ishaku, dattijo ne dogo mai magana a hankali, ya same ni a bakin aji ya ce in bari tukuna. Ya ce su manya ba su koma sun yi addu'a a kan kaburbura ba, ba su share ƙofar gida ko ɗaya ba, bai kamata yara su riga iyayensu shiga ba. Na yi masa bayanin cewa an riga an sa hannu, kuma jami'an tsaro sun ce hanya lafiya. Na kawo masa aya a kan rashin tsoro, shi da ya yi shekara talatin yana wa'azi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce:

"Malam, kai ka san takarda. Mu mun san garin. Amma tunda kun karɓi kuɗi, me zan ce?"

Na ɗauki wannan a matsayin izini, alhali na san ba izini ba ne. Idan dattijo ya ce miki "me zan ce", ya riga ya faɗi duk abin da zai faɗa. Ki koma ki zauna, ki sake tambayarsa, ko da ranar rufe karɓar takarda za ta wuce ki. Tallafi yana sake zuwa wata shekara.

Ba zan ɓata sansanin duka ba, kwanaki goma sha ukun farko sun yi kyau. Yara talatin da biyu suna cin shinkafa da wake har su bari a kwano. A kwana na huɗu aka yi faɗa na farko a kan ƙwallo, na shiga ofis na yi godiya ga Allah. Mama Kande, wata 'yar zumuntar mata da ke dafa mana abinci, ta koya wa 'yan matan waƙoƙi, har wata yarinya Rifkatu, 'yar shekara goma, ta zama mai ba da waƙa. Da na tsaya a nan, da yau ba ni da abin ɓoyewa.

Rana ta ƙarshe muka ɗauki hayar babbar motar Malam Sule, ɗan kasuwar cittan nan da kakanninsa suka kafa rumfa a Kafanchan tun kafin a haifi kakanki. Shi da kansa ya tuƙa, ya ce ba zai ba yaron mota wannan hanya ba. Watan Agusta ne, ciyawa ta cinye hanya, tana shafar motar ta kowane gefe. Yaran suna waƙa har muka wuce rafi. Daga nan, ba wanda ya ce su yi shiru, suka yi shiru.

Na taɓa shiga kango, amma ban taɓa shiga gari irin wannan ba. Rana tsaka ce, haske ko'ina, amma ba zakara, ba akuya, ba hayaƙi. Cittar da ba a tone ba ta sake tsirowa da kanta cikin layi, sai ka ce wani yana zuwa yana nome ta. Kabewa ta hau rufin wani ɗaki ta yi 'ya'ya manya manya, ba mai tsinka. A wata ƙofa igiyar shanya tana nan da rigar jariri da ruwan sama ya wanke har ta koma fara. Yaran suka sauka suka watse, kowa ya nufi gidansu. Na ji wani yaro ya tsaya a ƙofar gidansu da ya ƙone ya yi sallama, ya jira. Mama Kande da wata mata da ke taya ta girki suka bi bayan ƙananan, ni na tsaya gaban majami'a ina gyara kyamara. Malam Sule ya shimfiɗa buzunsa a gefen mota zai yi azahar.

Hadari ya fara haɗowa daga gabas. Hankalina duk yana kan hoton, in ruwa ya sauko shi ke nan. Na laluba aljihu, ashe na bar usur ɗina a kan tebur a Kafanchan. Sai na ga ƙararrawarsu. Kin san irinta, tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataye a reshen mangwaro, da guntun ƙarfen bugawa a maƙale a kututture. Na ɗauka na buga kamar yadda na yi shekaru ina bugawa a makaranta in ana kiran asambuli, taron ɗalibai na safe, da sauri, ba tsayawa.

Daga baya na san cewa a ƙauyen bugu iri uku ne. A hankali, lokacin sujada. Ɗaya ɗaya da tazara, an yi mutuwa. Da sauri ba tsayawa kuwa, a bar komai a gudu. Bugu na ƙarshe da wannan ƙarfe ya yi kafin nawa shi ne na ranar harin.

Ba wanda ya yi ihu, Alheri, wannan ne abin da har yau yake tayar mini da tsigar jiki. Na ga ciyawa ta motsa a wurare da yawa lokaci ɗaya, sannan ta tsaya cak. Kafin ƙarar ƙarfen ta gama mutuwa a kunnena, babu yaro ko ɗaya a garin. Silifa ɗaya a kan hanya, robar ruwa tana gangarawa, shi ke nan. Na fara kiran sunaye daga rajista, ina zagaya gidaje, muryata tana dawo mini daga bangon ɗakunan da ba rufi. Yara talatin da biyu suna kewaye da ni, wasu ƙila taku biyar daga ƙafata, ba wanda ya amsa. Iyayensu sun koya musu cewa in an buga ƙarfen, ko sunanka aka kira, ko da muryar wanda ka sani ce, kada ka amsa.

Malam Sule ya sallame ya zo ya riƙe hannuna, ya ce in daina kira, ina ƙara tura su cikin daji. Can sai ga Mama Kande ta fito daga bayan majami'a da rarrafe, zaninta duk laka, ita ma ta ɓuya. Ta tambaye ni:

"Malam, wane ne ya buga? Kai ka ga mutumin?"

Guntun ƙarfen na riga na jefar da shi cikin ciyawa, ban ma san lokacin da na yi ba. Na dubi matar nan da ta dafa mini abinci mako biyu, na ce mata ban ga kowa ba, ina cikin majami'a na ji. Malam Sule yana tsaye a gefena. Ya kalle ni, ya kalli ƙasa.

Ita ce ta fitar da su. Ta ce kira ba zai yi ba. Ta shiga wani gida ta jawo turmi, ta zubar da ruwan saman da ya taru a ciki, ta samo taɓarya, ta fara daka turmin da ba komai a cikinsa, a hankali, irin dakan yamma. Ta ce yaro ya san ba a daka a garin da ake gudu. Mun fi rabin awa ba abin da ake ji sai wannan daka a cikin garin da ba kowa. Sannan ciyawa ta buɗe, wani ƙaramin yaro ya miƙe tsaye. Ɗaya bayan ɗaya suka fito, daga gonar citta, daga ramin da ake haƙar ƙasar gini, daga ƙarƙashin gadon da ya ƙone. Talatin da ɗaya. Rifkatu sai da la'asar Malam Sule ya same ta cikin rumbun gidansu, ta cusa hannunta a baki ta cije har jini, don kada kukanta ya fito.

Yanzu ki ɗauki hoton ki duba. Bayan duk wannan na ɗauke shi. Ruwa ya ƙi sauka, na ce tunda mun zo, su tsaya minti ɗaya kawai. Na jera su gaban majami'a, na ba biyu daga cikinsu ƙyallen da aka rubuta sunan sansanin su riƙe. Dubi idanunsu, ba kyamara suke kallo ba, mangwaron da ke bayana suke kallo. Ta uku daga hagu, mai hannu naɗe da ɗankwalin Mama Kande, ita ce Rifkatu. Ofishin Kaduna suka rubuto cewa ba su taɓa samun hoto mai ƙarfi irinsa ba. Suka sabunta mana tallafi shekara uku, aka fara kirana Baba Kamp, sunan da kike alfahari da shi.

Idan wata rana yara suna gabanki cikin wani hali, kuma kika ji zuciyarki ta ce wannan zai yi kyau a rahoto, ki sa wayarki a jaka. Ki rubuta wa masu ba da kuɗin gaskiya, cewa abin da kuka shirya bai yiwu ba, ga dalili. Na gane daga baya cewa wasunsu mutanen kirki ne, da na gaya musu da sun fahimta. Ni ne na yanke musu hukunci cewa hoto suke so fiye da yaran.

Rifkatu ta yi wata biyar ba ta yi magana ba. Ta dawo da magana, amma ba ta sake ba da waƙa ba. Yanzu tana ɗinki kusa da tasha, ita ta ɗinka miki kayan bikin gama makaranta. In ta gan ni takan durƙusa ta ce, "Baba, Allah ya saka, kai ne ka fitar da mu daga wurin nan." Ina amsawa da amin.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne labarin da yaran suka kawo gida. Kafin mako ya zagayo, duk Kafanchan ta ji cewa ƙarfen ƙauyen ya buga kansa da rana tsaka, matattu ne suke korar masu rai. Aka zo aka tambaye ni a matsayina na malami kuma dattijon ikilisiya, na ce akwai abubuwan da suka fi ƙarfin saninmu. Da hankali ya kwanta, ƙauyukan da ke kewaye suka koma suka gyara rufi, suka shuka acca da doya. Mutanen wannan ƙauye ba su koma ba. Fastoci sun je sun yi addu'a, wasu samari suka kwance ƙarfen suka jefa shi a rafi, amma masu acaɓa da ke bin hanyar suna rantsuwa cewa har yanzu sukan ji shi da tsakar rana. Ba na yi musu dariya. Ni ma nakan ji shi, ina zaune a barandarmu bayan cin abinci, kuma ni na san hannun da ya buga. Mutanen da ke da gonaki sun zama masu tura baro a kasuwa da masu wankin kayan wasu, suna haya a ɗaki ɗaya ɗaya.

Malam Sule bai taɓa tona ni ba. Shekaru nan duka ina canja layi a kasuwa don kada in bi ta rumfarsa. Sau ɗaya muka haɗu a gidan mai, bayan gaisuwa ya ce mini a hankali:

"Malam Yohanna, ni ba zan faɗa ba, ba maganata ba ce. Amma mutanen nan suna tsufa a gidan haya."

Na ce masa ina jiran lokacin da ya dace. Ki kiyayi wannan magana a bakinki, 'yata. Ranar farko kalma uku ce da ta ishe ni, in ce wa Mama Kande ni na buga. Da ta zage ni, da iyayen sun yi fushi na wata ɗaya. Kowace shekara da na ƙara, maganar ta ƙara nauyi, har na fara gaya wa kaina cewa faɗinta ba zai amfani kowa ba.

Makon jiya matar Baba Ishaku ta zo wurin mamanki. Yana kwance, ƙafafunsa sun kumbura, likita ya ce a kai shi gida a kula da shi. Abu ɗaya yake roƙo, a binne shi a garinsa kusa da 'ya'yansa biyu da ke can. 'Ya'yansa da suka rage sun ce ba mai ɗaukar gawa zuwa inda ƙarfe ke buga kansa. Ina ɗaki ina jin matar tana kuka a tsakar gida. Da ta tafi na gaya wa mamanki komai. Washegari ta ce in ba zan je wurin Baba Ishaku ba, ita za ta je.

Saboda haka ga roƙona. Kada ki miƙa takardarki tukuna. Ba na ce kada yaran su ga garin iyayensu ba, amma manya su fara shiga, su share, su yi addu'a, su hura wuta, su kuma su kira ku. In kina son ki nema musu tallafi, ki tambaye su me suke so a rubuta. Wataƙila kwanon rufi za su ce, ba sansani ba. Hoton kuma kada ya shiga kowane rahoto. Ki riƙe shi har ki zo hutu, mu je tare mu ba Rifkatu, ta yi yadda ta ga dama da shi.

Ni kuma ranar Asabar da safe zan je ɗakin Baba Ishaku, na roƙi Malam Sule ya raka ni don ya zama shaida, ya ce zai rufe rumfa. Ranar Lahadi bayan wa'azi zan tsaya gaban ikilisiya. Ban san ko za su bar ni in gama magana ba, ban san ko zan sake zama a kujerar dattawa ba. Ƙila ma wasu su ƙi yarda, su ce na faɗa ne don a samu a binne tsoho. Duk wannan zan iya ɗauka. Abin da ban san yadda zan ɗauka ba shi ne muryarki a waya bayan kin karanta wannan.

Allah ya tsare fitarki da shigarki, ya tsare ki a hanyar Kaduna, ya tsare yaran da za a sa a hannunki, ya ba ki bakin faɗin kuskurenki tun yana ƙarami. In kin ga ba za ki iya kirana yanzu ba, ba komai, ki kira mamanki ki gaya mata kin sauka lafiya. Ki yi wa Baba Ishaku addu'a ya kai Asabar.

Ni ne babanki,
Yohanna